Labarin Giladiston, Ma'ajin Ingila, da Bashin da Ya So Biya Tun Kwal Bai Ƙare Ba

 Ya ku malamai da attajirai masu duba wannan shafi, yau labarin wani Banasare za mu kawo muku, mutumin Ingila, wanda ya mutu tun 1898, watau shekara biyar kafin Turawa su shiga Kano da Sakkwato. Sunansa Wiliyam Giladiston. Ya zauna cikin majalisar ƙasarsu shekara sittin da 'yan kai, ya riƙe baitulmali sau huɗu, ya zama Firayim Minista sau huɗu. Abin da ya sa muka ɗauko labarinsa shi ne wata magana wadda kowane falke ya sani, amma masu mulki kan mance da ita, watau bambancin da ke tsakanin uwar kuɗi da riba.

An haife shi ran 29 ga Disamba 1809 a Libaful, birnin da ke bakin teku inda jiragen fatauci ke sauke kaya. Ubansa babban attajiri ne, ya fara da cinikin hatsi, kana ya mallaki gonakin rake a Demarara da Jamaika, inda bayi baƙar fata ke yi masa aiki. Sa'ad da Ingila ta 'yanta bayin ƙasashenta, aka ware fam miliyan 20 don a biya iyayengijinsu diyya, uban nan ya karɓi fiye da fam 100,000 a kan bayi wajen 2,500. Bayin kuwa ba a ba su ko anini ba. Cikin wannan dukiya yaron ya tashi, da ita aka kai shi makarantar 'ya'yan manya ta Iton, da jami'ar Okasfod, inda ya yi fice ga lissafi da harsunan Girka da Rum. Niyyarsa ta fari ya zama limamin coci, ubansa ya karkato da shi wajen siyasa.

Ɗan mazan jiya ne na ainihi a lokacin ƙuruciyarsa. A 1831, ana cikin rigimar a ƙara yawan masu ƙuri'a, ya tashi gaban 'yan'uwansa ɗalibai ya soki wannan gyara, yana ganin ƙofar fitina ce za a buɗe. Labarin jawabin ya kai kunnen wani babban basarake mai iko da garin Nuwak, sai ya ba shi kujerar garin, aka zaɓe shi a ƙarshen 1832 yana da shekara ashirin da biyu. Babban jawabinsa na fari cikin majalisa, a 1833, kāre gonakin ubansa ya yi daga zargin azabtar da bayi. Ba mu ɓoye wannan ba, domin shi da kansa, da ya tsufa, bai yi alfahari da matsayinsa na wancan zamani ba.

Maigidansa cikin siyasa shi ne Robat Pil, shugaban jam'iyyar 'yan mazan jiya, shi ma ɗan attajirin masaƙa ne. A 1841 Pil ya sa shi ofishin ciniki, shi kuwa ya so a ba shi aikin da ya shafi addini da mulki, ya shiga da ɓacin rai. Can ya koyi sanin kaya ɗaya ɗaya da kuɗin fiton da ke bisa kowanne, ya ga yadda dubban ƙananan haraji ke wahal da ɗan kasuwa alhali abin da suke kawo wa baitulmali bai taka kara ya karya ba. Shi ne ya kawo dokar 1844 wadda ta tilasta wa kamfanonin jirgin ƙasa su fid da jirgi guda kowace rana wanda talaka zai hau bisa kwabo ɗaya kowane mil. Da Pil ya soke harajin da ke hana hatsin waje shigowa da araha, a 1846, jam'iyyar ta tsage biyu. Giladiston ya bi maigidansa, basaraken Nuwak kuwa yana tare da masu gonaki, saboda haka kujerar ta kuɓuce masa.

Akwai wani abu da ya same shi a gida wanda masu tarihi ke cewa shi ne makarantarsa ta gaske. A 1847 wata ma'aikatar ƙarfe da dangin matarsa suka zuba dukiya ciki ta karye, bashi ya hau kan gidan gadonsu na Hardan har ana batun sayarwa. Ya ɗauki littattafan lissafin ya zauna kansu shekara da shekaru, ana tsimi ana biya, har gidan ya tsira. Wanda ya taɓa kwana da bashin da ba shi ya ci ba, ya san ɗacin abin.

A ƙarshen 1852 aka ba shi baitulmali. Ran 18 ga Afrilu 1853 ya tsaya kusan awa biyar yana karanta kasafin shekara, majalisa na saurare kamar ana tatsuniya. Ya soke kuɗin fito bisa kaya iri 123, ya rage bisa 133, ya ɗauke harajin sabulu. Harajin samu kuwa, wanda a lokacin kwabo bakwai ne cikin kowane fam, ya tsara masa wa'adi a riƙa rage shi har ya mutu a 1860. Malamai za su lura kwabo shida cikin fam shi ne daidai rubu'in ushuri, ashe wannan haraji ya ɗara shi da kwabo guda tak, ko da yake shi bisa abin da aka samu cikin shekara ake cire shi, ba bisa dukiyar da ta shekara a ajiye ba. Ra'ayinsa shi ne kuɗi ya fi yin albarka cikin aljihun mai shi bisa ga cikin akwatin gwamnati, kuma duk kwabon da ya shiga akwatin nan amana ce a wuyan mai riƙon mabuɗi.

Wa'adin bai cika ba, don a 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙin Kirimiya suna taimakon Sarkin Santambul a kan Rasha. Al'adar gwamnatoci ita ce a ci bashi a yi yaƙi, jikoki su biya. Shi sai ya ninka harajin samu daga kwabo bakwai zuwa sha huɗu. Hujjarsa ita ce, kadan masu kiran a yi yaƙi suka ji zafinsa cikin aljihunsu a shekarar da ake yinsa, za su auna kafin su ƙara kira, kuma za su so sulhu da wuri. Daga baya yaƙin ya fi ƙarfin haraji, aka ci bashi dai. Amma hujjar tana nan da ƙarfinta.

A 1859 ya shiga gwamnatin masu neman sauyi ƙarƙashin Famaston, daga nan ya rabu da tsohuwar jam'iyyarsa har abada. Sai dai wajen kashe kuɗi ya fi waɗanda ya baro riƙau. Shekara shida suna ja-in-ja da Famaston, wannan yana son a gina ganuwoyi bakin teku don tsoron Faransa, shi kuwa yana riƙe da bakin jaka. Kuɗin da gwamnati ke kashewa ya sauko daga wajen fam miliyan 72 zuwa wajen miliyan 66 a shekara, harajin samu ya sauko kwabo huɗu a 1865. Tsiminsa ya kai ga takarda: ya nemi ofishin harkokin waje su rage amfani da takarda mai kauri inda marar kauri za ta isa. Aka yi ta yi masa dariya, ana ce da shi mai tattara guntun kyandir, shi kuwa ya ɗauki sunan abin yabo ne. Abin da ya fi wannan amfani shi ne tsarin da ya bari. A 1861 ya kafa kwamitin majalisa mai bin lissafin abin da aka kashe, a 1866 aka yi dokar da ta kafa babban mai binciken kuɗi wanda minista ba ya iya korarsa, shi ke duba ko kowane fam ya tafi inda majalisa ta ce ya tafi. Odita-janar da kwamitin lissafi da muke ji cikin majalisun Nijeriya da Gana daga wannan tushe suka fito. Tsarin ya iso mu. Ko halin da ya haife shi ya biyo shi, mai karatu ya fi mu sani.

To, yanzu mu zo ga maganar kwal, wadda dominta muka fara. Dattawan da suka ga jirgin ƙasa yana cin kwal na Inugu sun san abin da muke nufi, baƙin dutse ne da ake haƙowa ƙarƙashin ƙasa, yana ci kamar gawayi amma ya fi shi zafi nesa. Duk arzikin Ingila na wancan zamani bisansa yake. Da shi ake narka ƙarfe, da shi injin masaƙun Mancesta ke juyawa, da shi jiragen ruwa ke kai akoko da alawayyo har gaɓar Afirka. A yarjejeniyar ciniki da Faransa ta 1860, wadda Giladiston ya tsaya mata, Ingila ta yi alkawarin ba za ta hana fid da kwal ba, ba kuwa za ta ɗora masa haraji ba. Tun a nan waɗansu suka fara tambaya, shin wannan abu ba ya ƙarewa ne?

A 1865 wani malamin lissafin tattalin arziki, Jebons, ya wallafa littafi bisa wannan mas'ala. Ya nuna Ingila na haƙo fiye da tan miliyan 80 a shekara, kuma abin yana ƙaruwa da kashi uku da rabi cikin ɗari kowace shekara, watau yana ninkuwa cikin shekara ashirin. Bai ce za a wayi gari ramuka ba kome ba. Cewa ya yi za a cinye na sama mai sauƙi, a bi na ƙasa mai zurfi, tsada ta hau, har wata ƙasa mai kwal na araha ta ƙwace kasuwa. Ya kuma kawo wata magana mai ban mamaki. Mutane na zaton in aka ƙera injin da ke cin kwal kaɗan, za a rage cin kwal. Shi ya nuna akasin haka ke faruwa, don in aikin inji ya yi araha, masu kafa inji sai su yawaita, jimlar abin da ake ƙonawa ta ƙaru. 'Yan kasuwa sun san wannan: ran da kuɗin mota ya faɗi, ba a rage kashe kuɗin tafiya, fatake ne ke yawaita bisa hanya.

Giladiston ya karanta littafin, ya rubuta takardar yabonsa, kana ran 3 ga Mayu 1866 ya kawo maganar cikin jawabin kasafi. Bai nemi a rage haƙa ba, bai nemi a hana sayar wa waje ba, don shi mutumin sakin kasuwa ne, yana ganin gwamnati ba ta da hurumin shiga tsakanin mai rami da mai saye. Inda ya kai maganar shi ne bashi. A lokacin ana bin Ingila wajen fam miliyan 800, galibinsa na yaƙe-yaƙen Nafoliyon ne, kuɗin ruwansa kaɗai na cinye wajen fam miliyan 26 a shekara, kusan biyu cikin biyar na duk abin da gwamnati ke kashewa. Ga yadda ya jera hujjarsa. Alkamar da aka girbe bana, gona za ta ba da wata baɗi, wannan riba ce. Kwal da aka ƙona kuwa ya tafi ke nan, wannan uwar kuɗi ce ake ci. Mutanen zamaninsa su ne ke cin mafi daɗin gadon, na bayansu za su tarad da ramuka masu zurfi da abokin gasa mai ƙarfi, ya ko ambaci Amurka da yawan kwal nata. Ba adalci ba ne a bar musu gadon da aka rage, a kuma bar musu bashin cif. Tun da ba a iya mai da kwal cikin rami, abin da ya rage shi ne a rage bashin tun ana cikin yalwa.

Dabarar da ya kawo ita ce a juya wani sashe na bashin daga irin wanda ake biyan ruwansa har abada uwar na nan, zuwa irin wanda ake biyan abin da ya ɗan fi yawa kowace shekara har wa'adi, in wa'adin ya cika uwa da ruwa sun mutu tare. Hikimar ita ce a ɗaure hannun majalisa, don ya san rarar kuɗi in ta kwana a fili ba ta rasa mai buƙata. Gwamnatinsu ta faɗi bayan wata biyu, bai kai shirin ga ƙarshe da hannunsa ba, amma aka kafa hukumar binciken yawan kwal, kuma rage bashi ya zama al'adar baitulmalinsu shekaru da yawa.

Sai mu duba abin da zamani ya nuna. Wajen 1899 Amurka ta wuce Ingila ga haƙar kwal. Ingila ta kai ƙololuwarta a 1913 da tan miliyan 287, daga nan sai gangara. Ramin ƙarshe mai zurfi an rufe shi a 2015, tashar lantarki ta ƙarshe mai cin kwal ta daina aiki a Satumba 2024, alhali da sauran kwal a ƙasa, tsada da man fetur da gas da tsoron gurɓatar iska ne suka kashe shi. Bashin kuwa ya sauko wajen fam miliyan 650 kafin 1914, sa'an nan yaƙin duniya na fari ya ninka shi fiye da sau goma cikin 'yan shekaru. Tsimin shekara hamsin, wutar shekara huɗu ta lashe shi.

Game da zaɓe, mutumin da ya fara da ƙin gyara shi ne ya zama jagoransa, amma a hankali, kamar mai taka ƙasar da bai amince da ita ba. Abin da ya fara juya shi shi ne haƙurin masaƙan Lankasha sa'ad da yaƙin basasar Amurka ya yanke musu auduga, suka sha yunwa ba su ta da tarzoma ba. A 1864 ya faɗi cikin majalisa cewa nauyin hujja yana kan mai hana mutum ƙuri'a ne, ba kan mai nemanta ba. Malaman Okasfod, waɗanda yake wakilta tun 1847, suka kayar da shi a 1865 saboda irin wannan. A da ana jefa ƙuri'a a fili ne, mutum ya faɗi sunan wanda yake so gaban jama'a a rubuta, mai gida na jin abin da ɗan hayarsa ya faɗa. Giladiston ya daɗe yana kāre wannan, wai ƙuri'a amana ce, amana kuwa a bayyane ake sauke ta. Da ya ga yadda ake korar mutane daga gonaki da aiki saboda ita, ya sauko, gwamnatinsa ta yi dokar ƙuri'ar asiri a 1872. A 1883 aka ƙayyade abin da ɗan takara zai kashe gwargwadon yawan masu zaɓe, aka hana sayen ƙuri'a da kuɗi ko abinci ko giya, wanda aka kama ya rasa kujerarsa. A 1884 aka ba ma'aikatan karkara ƙuri'a, masu zaɓe suka tashi daga wajen miliyan uku zuwa fiye da biyar. Mata kam ya ƙi, har ya mutu bai yarda ba.

Cikin wannan duka yana da wani zato wanda bai tabbata ba. Ya ɗauka talaka in ya sami ƙuri'a zai zaɓi gwamnati mai tsimi, tun da shi ke biyan harajin shayi da sukari da taba. A 1874, da rarar kuɗi a hannunsa, ya yi wa masu zaɓe alkawarin soke harajin samu ɗungum, suka kayar da shi, suka ɗauko abokin hamayyarsa Dizira'ili. Shekara goma bayan mutuwarsa, jam'iyyarsa da kanta ta fara biyan tsofaffi fansho daga baitulmali. Ashe talaka, da ya sami murya, tambayarsa ita ce me za a yi masa da kuɗin.

Ba za mu rufe ba sai mun faɗi inda hannunsa ya taɓa Musulmi, don a nan awon nasa ya karkace. A 1876 ya rubuta ƙasida mai zafi bisa kisan da aka yi a Bulgariya, ya wuce sukar masu laifi ya haɗa Turkawa duka ya zage. Mutumin da ya zagaya ƙasa a 1879 yana wa'azin cewa ran baƙauyen Afganistan daidai yake da na Bature, shi ne gwamnatinsa ta yi ruwan wuta bisa Iskandariyya ran 11 ga Yuli 1882, ta karya rundunar Ahmad Urabi a Tallul Kabir, ta zauna Masar. Babban dalilin rigimar bashin da Turawa ke bin Masar ne, kuma binciken da aka yi cikin takardunsa daga baya ya nuna wajen sulusin jarinsa na kansa cikin takardun bashin Masar yake. Mai tausayin jikokin Ingila kada bashi ya danne su, bai ji irin wannan tausayi ga manoman Nilu ba. A Sudan kuwa ya yi jinkirin aika gudummawa, mutanen Mahadi suka ci Hartum suka kashe Godon ran 26 ga Janairu 1885, jiragen ceto suka iso bayan kwana biyu, mutanen Ingila ba su yafe masa ba.

Mu ma tsimin nan ya shafe mu. Bayan taron Balin, Ingila na son riƙe Kwara da Binuwai kada Faransa ko Jamus su riga ta, baitulmali kuwa ba ya son fid da ko sisi. Mafitar da aka samu ita ce a ba kamfanin ciniki na Goldi izinin mulki, ya riƙa biyan kansa daga kuɗin fito. An ba da wannan izini a Yuli 1886, cikin kwanakin ƙarshe na gwamnatin Giladiston ta uku. Haka ɗan kasuwa ya zama shi ne alƙali, shi ne mai soja, shi ne mai sa wa abokan gasarsa haraji, har ƙarshen 1899 da gwamnati ta biya kamfanin fam 865,000 ta karɓi ƙasar, Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja ran 1 ga Janairu 1900.

Ƙarshen aikinsa bisa kuɗi ya zo. Ya yi ta fama ya ba Ailan majalisar kanta, a 1886 jam'iyyarsa ta tsage a kai, a 1893 majalisar masu gadon sarauta ta yi watsi da dokar da ƙuri'a 419 a kan 41. Sa'an nan ministocinsa suka kawo buƙatar ƙarin kuɗi mai yawa don gina jiragen yaƙi. Ya ƙi, yana ganin tsere ne wanda zai ja Turai duka cikin halaka, ya duba ya ga kusan ba mai goyon bayansa cikin majalisar ministocin, sai ya ajiye aiki a Maris 1894 yana da shekara tamanin da huɗu, ido da kunne sun raunana.

Tun yana saurayi yake rubuta abin da ya yi da kowace rana, wajen shekara saba'in, yana ɗaukar lokaci ma amana ce da za a tambaye shi. Hutunsa saran itatuwa da gatari. Da ya koma Hardan ya yi waƙafi da littattafansa wajen 32,000, ya ware fam 40,000 don riƙon ɗakin karatun, yawancinsu shi da 'yarsa da wani bara suka tura su cikin baro zuwa sabon ɗakin, ya jera su da hannunsa. Ciwon daji ya kama shi a fuska, ya mutu ran 19 ga Mayu 1898 yana da shekara tamanin da takwas, aka binne shi a babban cocin Wesminista, ɗan Sarauniya mai jiran gado yana cikin masu rakiyar akwatin.